Jini na Uku

Ranar da na sauka Jidda abu biyu nake ɗauke da su: ƙunshin kayana a ka, da takardar saki ɗaure a bakin zane. Sunana Zuwaira, 'yar Damagaram ce ni, shekarata talatin da ɗaya a lokacin, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin zafi irin na ranar ba. Wata iska mai ɗanko ta mare ni tun daga ƙofar jirgi. Yayana Habu yana ta sharce gumi yana salati, ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa. Na bar Laminu a bayan teku, jama'a!

Laminu mijina ne, mai gyaran rediyo. Ba ya duka, kada in ɗauki alhakinsa. Ciwonsa ɗaya ne: saki da kome a bakinsa suke kamar tofar da tukar goro. Sakin farko a kan gishirin miya ya yi mini shi. Kwanana arba'in a gidanmu, sai a bakin mai tallan nono na ji wai ai an mayar da ni tun shekaranjiya. Ba wanda ya tambaye ni. Da ya yi na biyu bayan Mauludi, na sayar da saniyar gadona, na ce wa Habu in zai tafi umra ko a cikin jakarsa ne ya sa ni.

Lissafin kowa ya san shi. Mace ta ga jini na uku bayan saki, idda ta cika, miji ba shi da sauran iko sai dai ya nemi sabon aure kamar kowa. Kafin nan kuwa kalma ɗaya ta kome ta ishe shi, ko yana ina. Na farko a gida na gan shi. Na biyu ya zo mini kwana takwas da sauka, bayan na gama umrata lafiya lau. Saura ɗaya tal. Na dafa ƙirji na ce, Zuwaira, kin kusa.

Da Habu zai koma gida, ya damƙa ni ga mutum ɗaya da muka sani a duk faɗin Jidda: Inna Ramma, ƙanwar uwar Laminu. Kun ji ƙaddara. A unguwar Mahjar take, ta shekara goma sha wani abu a can, tana riƙe da wani ɗaki da muke kwana mu shida ƙarƙashin fanka ɗaya mai kukan tsohuwar akuya. 'Yan Cadi biyu, Bakanuwa ɗaya, wata 'yar Maraɗi, Inna, sai ni. Ba ta wulaƙanta ni ba, gaskiya. Ita ta ba ni abayata ta farko, ita ta koya mini in na hango motar 'yan sanda kada in ruga, in sunkuyar da kai in ci gaba da tafiya kamar 'yar gida.

Aikin farko a Humra na same shi, can kudu wajen manyan ɗakunan ajiya. Ɗinkin bakin buhu muke yi da basilla daga safe har la'asar, ƙura a hanci, yatsu duk sun fashe. A nan na haɗu da wani Bahaushe mai farar jallabiya da ƙamshin turare, ya ce shi aikinsa nema wa mutane kafili mai tsaya musu da iƙama, wato takardar zama, in kawo fasfona da hoto. Ya kira ni ƙanwata har sau uku. Na ba shi. Har yau ɗin nan da nake ba ku labari ban sake ganin ƙeyarsa ba. Na yi kuka ranar, na tuna uwata, na tuna furar gidanmu, sai da wata 'yar Cadi ta raba gurasarta biyu ta tura mini rabi.

Amma akwai abin da ya riƙe mini zuciya a Jidda: ƙanƙara. Kai! A garinmu sai mai hali ke ganin ta. A nan kuwa kowane masallaci da injin ruwan sanyi a ƙofarsa, sadaka, ka sha har cikinka ya yi ƙara. Ni ba sha kaɗai nake ba, tauna ta nake ƙurus-ƙurus kamar gyaɗa. In na shiga kanti mai na'urar sanyi, sai in tsaya a gabanta ina taya kayan da ba zan saya ba.

Wata ya kama, ya mutu. Shiru. Na ce gajiya ce. Wani ya kama, shi ma ya wuce. Rajab ya shigo ya fita, ni ina nan da sallata biyar cif ba fashi ko na rana ɗaya. To, a ɗakin mata shida, wadda ba ta fashin salla an san ta. Wata rana ina naɗe darduma Inna Ramma ta dube ni ta gefen ido.

"Zuwaira, ke kuwa waliyyiya ce? Tun watan da kika zo ban ga kin huta ba."

"Allah ne ya ba ni iko, Inna."

"Uhm. Nawa kika gani bayan takardar?"

Na so in yi ƙarya, harshena ya ƙi. Na ce, "Biyu."

Ta yi wani irin murmushi.

Ana wata ga wata. Farkon Sha'aban wani mai zuwa umra ya kawo kaset daga gida, don a lokacin da kaset ake aiko da gaisuwa. Muka kewaye rediyon Inna. Uwata ta yi magana, na share hawaye. Habu ya yi. Sai ga muryar Laminu, har da gyaran murya irin na masu karanta labarai. Wai ya ji ina samun riyal, Allah ya ƙara. Wai zai zo umrar azumi. Wai ya san idda ta riga ta cika, amma zai zo da goronsa ya yi biko, a ɗaura sabo, tunda sauran igiya ɗaya.

Inna Ramma ta kashe rediyo ta tafa hannu. "Wane sabo? Ai matarsa ce har yanzu, shi ne bai sani ba!"

Na durƙusa na riƙe ƙafarta. "Inna, don girman Allah."

"Ba zan aika masa ba," in ji ta. "Wannan albishir ba na kaset ba ne. Bari ya zo, da bakina zan faɗa masa in ci goron albishir. Ke kuma ki daina wannan kuka, gidan miji ai ba wuta ba ne."

Kwaɗayin goron Inna shi ya ba ni wata guda. Na tashi haiƙan. Citta, kanumfari, kimba, hulba, ƙirfa, habbatus sauda, ba wanda ban dafa ba. Wata mata ta sayar mini da wani baƙin gari wai daga Yaman, na sha na kwana biyu ina zarya bayan gida, abin da nake nema ko ɗigo.

A ƙarshen layinmu akwai Malam Usman, Bahaushen Sudan, limamin ƙaramin masallacinmu. Kunya ta hana ni tunkarar sa, sai na bi ta wajen matarsa Hajiya Nafisa. Ta shiga, ta daɗe, ta fito da amsa uku. Ta farko faɗa ce: me ya fito da ni daga gida ina cikin idda? Na ce na tuba. Ta biyu, in jini ya ɗauke ba a san dalili ba, sai na jira shekara cur. Tabɗi! Ta uku ita ce ta dawo mini da numfashi: in mace ta sha magani ta jawo shi kafin lokacinsa, ba a lissafa shi a idda, amma in ya wuce lokacinsa ta yi magani ya zo, wannan jini ne sahihi, a lissafa.

"Nawa ya wuce da wata uku, Hajiya!"

"To sai ki nemi magani na gaskiya, baiwar Allah, ki bar shan garin Yaman," in ji ta. Ita ce kuma ta samo mini aikin gida a Ruwais, kusa da teku, in kwana can, in zo Mahjar ran Juma'a kawai.

Da aka buɗe mini ƙofar gidan na ja da baya. 'Yan Sin! Irin waɗanda nake gani a jikin kwalin shayi. Na ce a raina, Hajiya Nafisa ta kawo ni gidan da ba a salla. Ban rufe baki ba aka kira magariba, sai ga wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, fara sol, da farin mayafi, ta tayar da kabbara tana karatu tiryan-tiryan. Na ji kunyar kaina. Ashe tun tana amarya suka taso daga Sin da mijinta, suka yi hajji suka zauna. Ɗanta ɗan kasuwar yadi ne, shi da matarsa Larabci suke kamar kowa. Ita kuwa tsohuwar, da duk gidan ke kira Sitti, wato Kaka, Larabcinta a karye yake kamar nawa, shi ya sa muka fi fahimtar juna.

Kwanana huɗu a gidan ta kama ni a kicin, na buɗe firji na cika baki da ƙanƙara. Ta yi wata ƙara kamar ta ga ina cin garwashi. Ta kama hannuna ta zaunar da ni, ta ɗora yatsu uku a wuyan hannun, ta rufe ido. Ta koma ɗaya hannun. Sannan ta nuna bakina, ta zaro harshenta waje, wai in yi haka.

Ni Zuwaira in yi wa sa'ar kakata gwalo? Na girgiza kai. Ta sake zaro nata. Na sake ƙi. Muna nan tsohuwa tana ta yi mini gwalo ina kau da kai, har dariya ta ƙwace mana mu duka. Na rufe ido na zaro.

Ta duba, ta taɓa marata, ta ce, "Barid." Sanyi ke nan. Sannan ta ɗaga yatsu tana tambaya: wata nawa?

Ban gaya wa kowa a gidan ba. Na ɗaga yatsu uku da rabi, sai hawaye. Da Larabcin buhu da nuni da hannu na zayyana mata komai: miji, takarda, ɗaya, biyu, saura ɗaya, yana tafe da azumi. Da na kai kan kalmar idda ta gyaɗa kai da ƙarfi, ba ta bukaci fassara ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne sanyin nan. Mu ma a gida haka tsofaffi ke cewa, sanyi ya shige ta. Ashe har Sin an san shi. Amma sanyi a Jidda, inda mutum ke yin gumi a cikin wanka?

Sitti ta nuna firji, ta nuna na'urar sanyi, ta nuna ƙafafuna tsirara a kan tayil. "Ke kika saya da kanki," in ji ta.

Na ce to a ba ni magani yanzu-yanzu. Ta ce a'a. Sai likita ya duba ya ce ba ciki, don maganin nan in akwai ɗa zai taɓa shi, ita kuwa ba za ta tsaya gaban Allah da wannan ba. Na rantse, na ce jini biyu na gani bayan rabuwarmu. Ta ce ko goma ne. Ni da ba fasfo ba iƙama, asibiti wajena bakin kura ne. Surukarta ce ta sa ni a mota ta kai ni wajen wata likita da ta sani, ta tsaya a kaina har aka gama. Ba ciki. Ba wani ciwo kuma, in ji likitar, wahala ce da damuwa da canjin wuri.

Ranar ɗaya ga azumi Sitti ta jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadonta. 'Yan hajjin ƙasarsu ke kawo mata kayan duk shekara. Ta fito da wata saiwa yankakkiya mai ƙamshi mai hawa kai, da wani busasshen ganye, da wasu jajayen zare-zare kamar gashin masara, da busasshiyar magarya ja manya-manya irin tasu. Ta haɗa da citta da baƙin sukari a tukunyar ƙasa, ta ce ƙarfe ba ya taɓa shi. Kofi uku na ruwa sai ya ƙone ya koma ɗaya. In sha da ɗumi bayan buɗa baki, in sha da sahur.

Ɗacin ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce doka. Ba ƙanƙara, ba ruwan firji, ba kankana, ba kwana gaban na'ura, ga safa a ƙafa. Azumin Jidda, jama'a! A kira magariba, kowa ya ɗaga kofi yana raɓa, ni a miƙo mini ruwan ɗumi kamar mai jego. Rana ta uku na lallaɓa wajen firji, ina buɗewa na ji sandar Sitti a bayan gwiwata. "Mamnu!" Wato an hana. Ko ina ta ɓuya oho.

Bayan la'asar kuma sai ta kunna wani abu naɗaɗɗe kamar ƙatuwar sigari, ta riƙa kusanto da shi saman idon sawuna da ƙasan cibiya, ba ya taɓa fata, ɗumin kawai ke ratsawa. Ranar farko na ce, "Sitti, wannan ba tsafi ba ne? Kuma ba ya karya azumi?" Ta warware ɗaya ta nuna mini, ganye ne zalla. Ta ce bismilla da ƙarfi don in ji, ta ci gaba da aikinta.

Ta ce mu ga kwana bakwai. Kullum ina farkawa da zumuɗi, in ruga bayan gida, in fito jiki a sanyaye. Ƙafafuna dai sun yi ɗumi, barcina ya gyaru, amma baƙon da nake jira ko sallama. Bakwai ta cika. Goma ta cika. Juma'ar da na je Mahjar Inna Ramma ta tare ni da fara'a. "Yau ma da azumi, waliyyiya? To mijinki ya sauka, yana Makka. Juma'a mai zuwa a nan zai yi salla."

Na koma Ruwais a guje na ce wa Sitti ta ninka maganin. Ta ƙi. Na ce ta zuba jan zaren nan duka. Ta rufe akwatinta ta zauna a kai. "Ya binti, 'yata, ni ƙwanƙwasa ƙofa nake, mai buɗewa daban ne. In na ƙara, zan ɓalle ki da zubar jini, ki rasa mijin ki rasa kanki." Na yi fushi da ita kwana guda cur. Da magariba ta kawo mini kofin da hannunta, ta zauna kusa da ni tana shafa mini baya har na shanye.

Ran Juma'a da safe, shiru. Na yi tunanin in ƙi zuwa, amma ina amfani? Ko ina nan ko ba na nan Inna za ta faɗa, shi kuma zai furta. Gara a yi a kan idona. Sitti ta raka ni har ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗaura mini wani ƙyalle mai kauri a ƙugu, ta ce, "Yalla, jeki. Allah karim."

A cikin bas bayana ya fara wani nauyi. Na ce kujera ce. Muka wuce unguwar Balad, marata ta murɗa sau ɗaya. Na ce yunwa ce, don na gaji da sa rai. Da na isa, an sauko daga masallaci, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ga Malam Usman, ga maƙwabta biyu, ga Laminu da sabon aski da ƙullin goro a gabansa. Ya yi ƙiba. Inna Ramma tana gefe tana ta mutsu-mutsu, magana na cin ta.

Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe su. Ina cikin durƙuson nan na ji wani abu da kowace mace ta san shi. Na miƙe a hankali na ɗauki buta, lokacin Laminu ya juya wajen Inna ya fara gaisuwa. Allah ya yi wa gaisuwar Hausa albarka! Ina bayan gida ina jin su: ina gajiya, ina azumi, yaya zafi, yaya baƙunta, ya mutanen gida, ya wance, ya wane, ya ƙafar Baba, an samu damina kuwa. Ni kuwa na duba. Na sake dubawa. Na cusa bakin mayafi a baki don kada guɗa ta kuɓuce mini.

Ina fitowa na ji Inna ta ce, "Laminu, albishirinka!"

"Goro."

"Fari ko ja? Don wannan ba na goro ɗaya ba ne." Sai da ya tura mata ƙullin gaba ɗaya sannan ta ce, "Ajiye maganar sabon aure. Iddarta ba ta cika ba, biyu ta gani. Matarka ce."

Fuskarsa ta washe. Ya gyara zama, ya yi gyaran muryar nan tasa. "To Malam, ku shaida. Ni Laminu..."

Ta yaya mace za ta buɗe baki gaban liman da maza uku ta faɗi abin da ta gani? Sai idona ya faɗa kan jarkar ruwan alwala a jikin bango. Na ɗauki kofi na tsiyaya, na zo tsakiyar tsakar gida na durƙusa, rana tsaka, sha bakwai ga azumi. Na ce bismilla. Na kafa kai, maƙogwarona yana ƙara kowa na ji.

"Innalillahi! Zuwaira, azumi!" in ji Laminu.

Malam Usman ya ɗaga masa hannu. Maƙwabtan suka sunkuyar da kai. Inna Ramma ta saki baki, goro a cinya. Malam bai dube ni ba, ƙasa yake kallo, ya tambaya a hankali, "Tun yaushe, 'yata?"

"Tun ana gaisawa, Malam."

Ya gyaɗa kai. "Halas, shi ke nan. Idda ta cika. Laminu, da ka taƙaita gaisuwa da ka samu. Yanzu in kana so sai ka nema, amsa kuma a bakinta take."

Laminu ya daɗe yana kallona kamar yau ya fara ganina. Muryar labaran ta tafi, ta ainihin ce ta fito, 'yar ƙarama. "To Zuwaira, me kika ce?"

Na ji tausayinsa, wallahi na ji. Na goge bakina da bayan hannu.

"Allah ya karɓi umrarka, Malam Laminu," na ce. "Ka gaida mutanen gida."